Kunun jego da tumbin da aka rage

Ranar da na kai Ummi rigakafin sati 14, bayan an ɗora ta a sikelin jarirai an rubuta nauyinta a kati, sai idona ya faɗa kan sikelin manya da ke ajiye a lungu. Na miƙa wa ƙanwata yarinyar, na tuɓe takalmi na hau. Kilo 93. Na sauka, na ajiye jaka na sake hawa, allurar ta koma daidai inda ta tsaya da farko. Na san lambar nan sarai, domin ita aka rubuta mini a katin awo zuwana na ƙarshe kafin naƙuda, lokacin da yarinya da mabiyiya da ruwa duk suna jikina. Yanzu ga yarinyar can a kafaɗar ƙanwata tana tsotsar hannu, ni kuwa ko kilo ɗaya bai bar jikina ba.

Har a-daidaita-sahu ya sauke mu a Hotoro ban ce uffan ba. Zance ɗaya ne ke yi mini kai-kawo a zuciya: aikin ya lalace, tumbin ya buɗe, dukiya da wahala sun tafi a banza.

A watan Oktoba na 2021 aka yi mini tiyatar rage ƙiba a Alkahira. Nauyina a lokacin kilo 128 ne, tsayina kuma mita 1.63. Ina shan maganin hawan jini, in zan ɗago daga sujada sai na dafa bango, al'adata kan yi wata huɗu ba ta leƙo ba, ga shekara takwas da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Na sayar da gwal ɗina da kasona na wani filin gado, maigida ya cika sauran. Aikin da aka yi mini shi ne wanda ake kira silif. Ta ƙananan huji a fatar ciki ake shiga da kyamara, a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar, a bar siririn abu mai siffar ayaba. A ɓangaren da ake cirewa ne jiki ke haɗa mafi yawan sinadarin da ke tayar da yunwa, shi ya sa a watannin farko sai in wuni na manta ban sa komai a baki ba. Cikin shekara guda da 'yan watanni na sauko kilo 79, likita ya tsayar mini da maganin hawan jini, al'ada ta dawo tana zuwa a kan kari.

Likitan da ya yi aikin ya ja mini kunne kada in ɗauki ciki sai an yi wata 12 zuwa 18, domin lokacin da jiki ke zubewa da sauri bai dace da rainon ɗan tayi ba. A wata na 16 Allah ya kawo rabo.

Cikin bai ba ni wahala sosai ba. Likitar awo ta ƙara mini folik asid fiye da na sauran mata, kuma ta hana ni shan ruwan sukarin nan da ake ba masu ciki don gwajin ciwon suga, ta ce mai irin tumbina zai iya sa ta jiri da zufa da bugun zuciya, sakamakon ma ba zai zama abin dogaro ba. A madadinsa na yi sati guda ina huda yatsa a gida ina rubutawa. An yi ta yi mini sikanin don a ga ko yarinyar na girma, saboda 'ya'yan waɗanda aka yi wa wannan aiki sukan zo da ƙarancin nauyi. An so in ƙara kilo 7 zuwa 11 da rabi, na ƙara 14. A Nuwamban 2023 na haihu da kaina, Ummi ta zo da kilo 2.7, ƙarama amma lafiya lau. Da aka kawo mini diklofenak saboda zafin ɗinki na roƙi a canza mini da farasitamol, domin tun a Alkahira aka ce in guji irin waɗannan magunguna, suna iya yi wa ragowar tumbi gyambo. Sati biyu da haihuwa na hau sikelin gidanmu, kilo 86. Na ce alhamdu lillahi, sauran bakwai za su bi.

Haihuwar fari ce, don haka gida na tafi wanka, cikin gari. Hajiya tana da kunyar 'yar fari, ba za ta tsaya a kaina ba, sai aka ɗauko Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda ta yi wa kusan duk matan zuri'armu wankan jego. Maganar tiyata kuwa daga ni sai maigida sai Hajiya muka sani. Na ɓoye ne saboda na gaji da bakin mutane. Lokacin da nake da ƙiba sun yi magana, da na rame sun ce ciwo ne ko kishiya ake shirin yi mini, kuma na san in suka ji an yanke mini tumbi wani sabon babi za a buɗe.

Asubar farko da Gwaggo ta zaunar da ni a kan turmi, tana tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini, sai ta tsaya. Ta kai yatsa kan tabon da ke saman cibiyata.

"Ke 'yar nan, wannan fa? Har guda biyar?"

Na ce, "Ɗan aiki ne aka yi mini, Gwaggo, ya daɗe."

Ta dube ni, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ci gaba da wanka. A nan na yi kuskuren da ya fi kowanne, domin da na buɗe baki a wannan asubar da abubuwa da yawa ba su faru ba.

Kowa ya san abin da ake nufi da kula da mai jego a wurinmu: ta ci, ta ƙara, ta sha. Ranar da aka kawo ƙauri daga gidan su maigida, Gwaggo ta zubo mini ƙafar sa da romo, ga tuwon dawa malmala biyu, ga gasasshen nama ya sha yajin jego. Na yi loma uku, na ci tsoka biyu, sai na ji abin ya tokare mini ƙirji. Ta ce ƙara. Na ƙara don kada in ɓata mata rai, kafin in kai bakin ƙofa na dawo da shi duka. Aka yi haka sau biyu, sau uku. Gwaggo ta shiga damuwa ta gaske, na ji ta tana ce wa Hajiya, "Yarinyar nan cin tsuntsu take yi, da me za ta shayar?" Daga nan ta yanke shawarar da kowace uwa mai tausayi za ta yanke. Tunda ba ta iya ci, to ta sha.

Kunun kanwa ya zama abincina. Gero ne da citta da kanumfari da masoro, a dama shi da kauri, a zuba sukari har sai ya ji. Filas babba da safe, wani da la'asar. Tsakaninsu shayi mai madarar gwangwani, ga lemon malt da 'yan barka ke kawowa katan-katan, ga fura da nono in rana ta take. Zan faɗi gaskiya, na ji daɗinsa. Shekara biyu ina auna kowace loma, ina tauna abu har ya zama ruwa, ina tsoron tokarewa. Sai ga abin da ke wucewa sumul, ba zafi ba amai, kuma kowa na sa mini albarka in na shanye. Na riƙa gaya wa kaina ai don nono nake sha. Ƙafafuna sun ɗan kumbura, na ce na haihuwa ne. Daga baya na ji cewa likitoci sun daɗe suna jan kunne kan yawan kanwa ga mai jego saboda gishirin da ke cikinta, tun binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ni da na taɓa fama da hawan jini, ya kamata in fi kowa taka-tsantsan.

Abin da tiyatar silif ke yi shi ne ta rage wurin da abinci mai tauri zai zauna. Nama da ƙwai da wake sukan tsaya su cika wurin, mutum ya ji ya ƙoshi. Ruwa-ruwa kuwa ba ya tsayawa, zarcewa yake yi hanji, bayan minti kaɗan wurin ya koma fayau. Haka ma duk abin da ke narkewa a baki, irin su cincin da biskit da alkaki. An faɗa mini wannan tun kafin a yi aikin, har a takarda aka ba ni. Jego ne ya zo da nasa dokokin, na ajiye waɗancan.

Ranar arba'in ina kilo 90. Na koma ɗakina da gara, bokitan cincin da dubulan da alkaki da nakiya, aka jere su a ɗakin da nake kwana. Duk tashin da Ummi za ta yi cikin dare, hannu ɗaya na riƙe da ita, ɗayan na cikin bokiti. Kunu kuma na ci gaba da damawa da kaina. Magungunan da aka ce in sha har ƙarshen rayuwa, wato bitamin da maganin ƙarin jini da kalsiyam, na sake su tun da na awo suka ƙare. Allurar bitamin B12 da ake yi mini duk wata uku ita ma lokacinta ya wuce ban je ba. Wani ɓangare sakaci ne, wani kuma tsada, domin tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin bitamin ɗin da nake saya na waje ya yi tashin gwauron zabo.

To wannan ita ce hanyar da ta kai ni kilo 93.

Abin da na yi bayan na ga lambar ya fi ƙibar muni. Na daina cin komai sai romo da ruwan zafi, na ce zan maimaita abincin da aka ɗora ni a kai kafin tiyata. Na kuma sayi wani shayin rage tumbi a wurin wata mai talla a intanet. Kwana biyu ina zarya a banɗaki. Da yawa daga irin wannan shayi ganyen filasko ne a ciki, gudawa kawai yake sa mutum, ruwan jiki ya zube, sikeli ya nuna ragi na ƙarya. A kwana na biyar nonona ya ja baya. Ummi ta kama, ta saki, ta tsala kuka, ta sake kamawa. A kwana na shida na miƙe da ita daga kan gado, sai ɗakin ya juya, idona ya rufe. Allah ya taimake ni na zame na zauna a ƙasa da ita a ƙirjina, ban faɗi a kanta ba. A haka Abban Ummi ya shigo ya same mu, ita tana kuka ina kuka.

Bai yi mini faɗa ba. Ya karɓi yarinyar, ya ce, "Gobe asibiti za mu, kuma duk abin da kika sha ki ɗauko shi mu tafi da shi."

Gwajin jini ya nuna abin da ban zata ba. Jinina ya sauka, ma'ajiyar sinadarin ƙarfe ta kusa ƙarewa, B12 ma ya yi ƙasa. Ga jiki cike, ga yunwa a cikin jini. Likitan ya yi mini bayani cewa tumbin da aka rage ba ya fitar da isasshen ruwan tsami da sinadarin da ke taimaka wa jiki ya tsotsi B12 da ƙarfe, ga jinin da aka zubar wurin haihuwa, ga shayarwa. Maganar da ta fi tsaya mini ita ce da ya ce jariri mai shan nono zalla daga jikin uwa yake samun B12 ɗinsa, kuma rashinsa na iya taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyin yaro. A ranar aka yi mini allura, aka duba Ummi aka ce lafiyarta ƙalau. Na yi sujadar godiya a gida. Ina can ina lissafin kilo, ashe abin da ya kamata in tsorata da shi daban ne.

Na tura wa likitana na Alkahira saƙo ta WhatsApp cewa ina jin tumbina ya buɗe. Tambaya ɗaya ya yi mini: in kika zauna da nama ko ƙwai, ba ruwa ba miya, nawa kike iya ci? Na gwada washegari. Dafaffen ƙwai biyu da 'yar tsokar kaza, na ji na cika maƙil. Ya ce to aikinki na nan, tumbi yakan ɗan saki da shekaru amma naki yana riƙewa, ki nemi mai ilimin abinci kusa da ke. A nan zan faɗi wani abu ga masu niyyar fita waje a yi musu wannan aiki. Tiyatar awa ɗaya ce ko biyu, amma bibiyar ta sauran rayuwa ce, kuma likitan da ke wata ƙasa ba zai ɗebi jininki ta waya ba. Na dawo daga Masar ba tare da na haɗa kaina da kowa a nan Kano ba, kuma na biya kuɗin wannan sakaci.

An haɗa ni da wata masaniyar abinci a asibitin, mace mai haƙuri. Ba ta ba ni jerin abin da zan ci ba a zuwan farko. Ta ce in sayi ƙaramin littafi, in yi kwana uku ina rubuta duk abin da ya wuce maƙogwarona yadda na saba kafin in shiga yunwar nan, har da abin sha, har da cokalin sukari. Da na kawo, ta ɗauki jan biro tana zagaye duk abin da ake sha ko yake narkewa a baki. Shafin ya koma ja. Muka ƙirga sukarin kunu da na shayi kaɗai, ya haura ƙaramin cokali 20 a wuni, ban da na malt da cincin. Abin da ke gina jiki kuwa, a wata ranar ƙwai ɗaya ne tak.

Ta ce, "Maman Ummi, ba rage cin abinci za ki yi ba. Ke fa ba ki ma fara ci ba."

Tsarin da ta ɗora ni a kai tsohon tsarin bayan tiyata ne, sai dai an yi la'akari da shayarwa. Mai shayarwa na buƙatar ƙarin kusan kalori 500 a rana, don haka ta hana ni duk wani abu mai kama da horon yunwa, ta ce in ragin ya wuce rabin kilo a sati to mun yi sauri. Furotin, wato sinadarin gina jiki, kada ya gaza giram 60 a rana, ta fi so in kusanci 80. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, sai na gane aikin da ke gabana. A kowane zama in fara da nama ko kifi ko ƙwai ko wake, in bi da ganye, in akwai sauran wuri sannan in taɓa tuwo ko shinkafa. Ci sau biyar ko shida ƙanana, a zaune, a faranti, ba tsintar abu a tsaye ba. Ruwa kuma ba tare da abinci ba, sai an yi rabin awa, domin yana wanke abincin ya wuce da wuri yunwa ta dawo.

Kuɗin nama kullum ba zai yiwu ba a wannan zamani, sai muka duba abin da ke kusa. Awara ta zama ƙawata, amma maimakon a soya ta cikin mai sai in yanka ta cikin miyar alayyafo ko in gasa. Alala da ƙwai a ciki. Kindirmo ba sukari, kofi ɗaya da hantsi, ɗaya kafin barci. Busasshen kifi a miyar kuka, in tsince kifin in ci tukuna. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli kaɗan. Hanta sau ɗaya a sati. Abban Ummi ya kwashe bokitan gara ya rabar wa maƙwabta da almajirai, in zai dawo da dare kuma sai ya tsaya wurin mai tsire ya ce a zaɓo masa marar kitse. A gefen gado inda bokiti yake, gorar ruwa ta maye wurin. Duk sanda Ummi ta kama nono sai in riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, domin mai irin tumbina ba ta iya kwankwaɗar kofi guda a tashi ɗaya, kuma da haka nake haɗa lita biyu kafin wata safiyar.

Magunguna ma sai da na koyi zamansu. Na ƙarin jini da kalsiyam ba sa shiri, sai an raba su da awa biyu. Shayi yana hana jiki tsotsar ƙarfe, don haka na ƙarin jini da ɓarin lemon zaƙi nake sha, shayi ya jira. Na sa ƙararrawa uku a waya.

Sati biyu da fara wannan aka ga watan Ramadan, a ranar 11 ga Maris 2024 aka tashi da azumi, cikin zafin da kowa a Kano ya ji a jikinsa. Likita ya ce bai ba ni shawarar in yi ba: ga ƙarancin jini, ga jaririya 'yar wata huɗu da ba ta cin komai sai nono, ga tumbin da ba zai ɗauki ruwan wuni guda tsakanin magariba da sahur ba. Abban Ummi ya tambayi malaminsu, ya ce mai shayarwa da ke tsoron cutuwar ɗanta tana da sauƙi, ta sha, ta ciyar, ta rama daga baya. Na karɓa, amma raina ya sosu. Ina jin kiran sallar magariba, gida ya ɗauki ƙamshin ƙosai da kunun tsamiya, ni kuwa na wuni ina kurɓar ruwa a ɓoye. A cikin zuciyata kuma akwai wata murya da ke cewa da kin yi azumin da kin zube. Na san muryar, ita ce ta sa ni sayen shayin nan. Ban bi ta ba. Na rama azumina a sanyin Disamba da Janairu, lokacin Ummi ta fara cin abinci sosai.

Motsa jiki da tafiya na fara. Bayan sallar asuba in goya Ummi, in zagaya layinmu na minti 15, daga baya ya koma 40. Wata mai gashin ƙashi a asibitin ta kwantar da ni ta sa yatsu a saman cibiyata, ta ce naman cikin ya rabu da faɗin yatsa biyu da rabi, abin da ke samun mata da yawa bayan goyon ciki. Ta hana ni atisayen nan na kwanciya a riƙa tasowa zaune, ta koya mini na jan ciki da numfashi. Ɗaurin ciki da zane da aka yi mini a jego yana tallafar baya, yana sa a ji daɗin zama, amma ba ya narkar da kitse. Fatar da ta saki kuwa tun bayan kilo 49 da na zubar da farko, ciki ya zo ya ƙara miƙa ta. Wannan ba tafiya ba awara da za ta mayar da ita. A lokacin zafi ƙasanta yakan yi ja ya yi ƙaiƙayi, sai na wanke na tsane sosai. Na daina ƙirga ta cikin abin da nake yaƙi da shi.

Daga Maris zuwa Yuni na sauko 87. Gashina da ya riƙa cika mataji ya tsaya da zuba. Sai kuma sikeli ya kafe. Sati goma cur yana kan 87, wata rana ma 88. Na koma aiki a lokacin, barci ba ya isa, kuma duk daren da ban yi barci ba washegari bakina ba ya son komai sai zaƙi. Na koma wurin masaniyar abincin ina cewa jikina ya ƙi. Ta ce ina littafi? Na ce na daina rubutawa tunda na riga na san tsarin. Ta ce a sake kwana uku. Sai ga su sun fito: soyayyar gyaɗa a aljihun tebur, dabino da aya da abokiyar aiki ke miƙo mini, ragowar kunun gyaɗar Ummi da nake shanyewa don kada a zubar, cokali biyu a bakin tukunya. Babu wanda na ɗauka a matsayin cin abinci. Tsinta-tsinta ita ce babbar hanyar da ƙiba ke dawo wa wanda aka yi wa wannan aiki, domin tumbin ba ya taɓa cika balle ya ce ya isa. Na mayar da komai faranti da lokaci. Abban Ummi ya karɓi rainon bayan isha'i zuwa sha biyu don in samu barcin farko. A hankali allura ta sake motsi. Na kuma sa robar mahaifa don tazara, domin likita ya ce jikina na buƙatar ya cike abin da ya rasa kafin wani cikin.

A cikin wannan tsakanin ne na je na gaya wa Gwaggo. Na same ta tana tsinke zogale a tsakar gida, na zauna na kama mata, na ce, "Gwaggo, tabon nan da kika gani, tumbina aka rage. Abin da ya saura bai fi kofin shayi ba."

Ta ajiye tiren. Ta daɗe ba ta yi magana ba. Sannan ta ce, "Kika bar ni ina ɗura miki tuwo kina amai, ina kwana da tunanin ko wani abu aka yi miki? Ni zan kai ki gaba a kan neman lafiya?" Idonta ya ciko. Na ba ta haƙuri, na ce tsoron baki ne. Ta ce bakin mutane ai ba ya ƙarewa, amma mai yi maka wanka ba a ɓoye masa ciki. Ta tambaye ni dalla-dalla me ke wucewa, me ke tsayawa, me ya sa ruwa ba ya haɗuwa da abinci. Ban taɓa ganin wanda ya saurari bayanin nan da natsuwa irin tata ba. Har yau ina ganin kwana arba'in ɗin da ake ba mai jego ta huta, a yi mata komai, a riƙe mata jariri, gata ne da matan wasu wurare ke nema ba su samu ba. Abincin ne aka tsara shi don tumbi cikakke da macen da za ta koma daka da surfe, kuma Gwaggo ba ta da hanyar sanin nawa daban ne tunda na rufe ta.

A Janairun 2025, Ummi na da wata 14, na hau sikeli ya nuna 81. Gwajin jini ya dawo daidai, hawan jini bai dawo ba. Kilo biyun da suka rage har yanzu suna nan, wani watan su zama uku, wani watan ɗaya.

A satin ne 'yar kawunmu ta haihu, muka je barka cikin gari. Gwaggo ce a kanta. Ɗakin ya cika da mata, ana ta zuba kunun kanwa a kofuna ana miƙawa. Wata ta miƙo mini babban kofi, kafin in kai hannu Gwaggo ta tare.

"Ba nata ba ne wannan."

Ta fita, ta dawo da 'yar tasa, farfesun kaza ne tsoka uku ba romo sosai, da ɗan ƙaramin kofi rabinsa kunu.

"Na ɗebar miki kafin a sa sukari. Ki fara da naman, kunun ya jira rabin awarsa."

Matan suka bi tasar da kallo, wata ta ce, "Gwaggo, wannan ai abincin yaye ne." Gwaggo ta ce, "Ita haka take ci," ta juya ta karɓi jaririn daga hannun mai jego. Na ja Ummi kan cinyata, na yage mata tsoka ɗaya, na ci biyu.